Malam Idi da Kiyashin Bayan Katanga

Ina wani ƙauye kusa da Kafin Hausa ina yi wa awaki allura, ɗan acaɓa ya tsaya a kaina ya ce in bar abin da nake yi, Malam Idi ya rasu. Na yi salati. Amma ban yi mamaki ba, kuma wannan rashin mamakin ne yake cin raina har yau.

Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa a aikin duba dabbobi. Tun da Dutse ta zama hedikwatar jiha, baƙin ma'aikata suka cika unguwar Yalwawa. Da yawansu suna ajiye karnuka, kuma a cikinmu Malam kaɗai ke yarda ya taɓa kare. Yana da wata ɗabi'a mai tayar mini da tsigar jiki. In aka ce fitsarin kare ya dami gida da wari, sai ya durƙusa ya shinshina ƙasar, ido a rufe, kamar mai sauraron wani da mu ba ma gani. In ya miƙe sai ya faɗi abin da aka dafa a gidan.

Haka ya yi a kan karen Madam Rahila, wata 'yar Filato mai aiki a sakatariya. Ya ce, "Kan busasshen kifi kike ba shi, ga gishiri, kwanon ruwansa kuma a bushe." Ta riƙe baki ta ce, "Baba, wa ya gaya maka?" Yakan ce zarni mai ƙarfi abinci ne ko ƙishirwa, warin ruɓa kuwa ciwon mara ne.

Da aka ƙaddamar da shari'a, wasu suka fara gunaguni, wai mai sahun gaba a masallaci yana cusa hanci a najasa. Bai yi musu da kowa ba. Kullum da wankakkiyar riga a jakarsa don salla. Ni kaɗai ya ce wa, "Najasa ruwa ke wanke ta, Sale. Dabbar da ka bari da ciwo, ban san abin da zai wanke wannan ba."

Daga baya karen Madam Rahila ya rame, sai shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Malam ya durƙusa, ya daɗe bai tashi ba, sannan ya nuna mini kiyashi sun yi layi zuwa inda ƙasar ta jiƙe. Ya ce, "Ka ji ƙanshi-ƙanshi kamar ruɓaɓɓen mangwaro? Suga ne. Duk fitsarin da kiyashi ya bi, ko na mutum ne, kada ka yi shiru." Karen bai kai damina ba.

Bara na zaga bayan katangar ofis inda muke tsugunawa, Malam ya tashi ke nan. Na ga layin kiyashin. Na duba shi da kyau a ranar: ya zube, buta ba ta barin hannunsa, randa ba ta kai masa la'asar. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin ƙananan abubuwa, mutum kuma ba ya jin warin kansa. Na gane. To ta ina zan fara gaya wa sa'an mahaifina cewa na duba fitsarinsa? Kunya ta rufe mini baki. Na sa ƙafa na tura ƙasa a wurin, na ce gobe. Wata huɗu ina cewa gobe, har ƙaya ta soke shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa.

Bayan sadakar bakwai na koma bayan katangar da tsakar rana. An yi ruwa sau biyu tun rasuwarsa, amma kiyashin suna nan, a layi, suna zuwa daidai wurinsa. Ban iya tura ƙasa ba.

Na je na gaya wa maiɗakinsa, Hajiya Laure, komai. Ta ce, "Kwana ne ya ƙare, Sale. Amma ga babban ɗansa nan, shi ma randa ba ta isarsa." Washegari na kai shi asibiti da kaina.

Allah Ya jiƙan Malam Idi, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa tausayin da ya yi wa marasa baki ya zama nauyi a mizaninsa. Allah Ya ba Hajiya da 'ya'yanta haƙuri da lafiya. Ni kuma Allah Ya yafe mini shirun da malamina ya hana ni yi.