Bambar Motar Lindsay

Duk faɗin ƙasar Wimmera babu mai idon Lindsay Pfitzner a kan ƙarfe. Shi ya faɗa mana, kuma ba mu taɓa jin ya janye ba.

Tun 'yarsa Bronwyn na firamare ya yi mata alkawarin kai ta coci ranar aurenta a tsohuwar motar kakanta. Auren ya matso, komai ya kammala sai bambar gaba. Ƙarafa biyu ke riƙe ta. Na dama tsatsa ta cinye, kuma an daina ƙera irinsu. Lindsay ya ɗora na hagu a kan kwali ya zana, ya yanka sababbi, ya lanƙwasa, ya yi walda.

Da muka ɗaura, bambar ta karkace kamar bakin mai tsaki.

"Ƙasan garejin ne ba daidai ba," in ji shi.

Muka turo motar waje. Ashe ƙasan wajen ma ba daidai ba ne.

A ƙa'idar ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci, mota ba ta hawa titi sai mai dubawa ya amince, shi kuwa Juma'a zai zo, aure Asabar. Lindsay ya sake yanka wasu daga kwalin nan. Suka fito a karkace, ba kuskure ko kaɗan. Ya daina cin abinci, ya daina amsa sallama.

Ranar Alhamis matarsa Noreen ta kawo shayi, ta tsaya tana kallon tsohon ƙarfen.

"Baban Bronwyn, wannan kake kwaikwaya?"

"Shi ne na asali. Bar ni in yi aiki."

"Na asali kam. Da nan gefen ne Baba ya bugi dabbar nan kangaru a hanyar garin Horsham, ƙarfen ya lanƙwashe. Kai ke zaune a gaba, mai ido."

Ba wanda ya yi dariya. Ƙarfen da ya rage falle ɗaya ne.

"Riƙe min nan, mutumina," Lindsay ya ce da ni. "In ka motsa, kai za ka goya amarya."

Ya auna daga jikin motar. Ya yanka. Na rufe ido har walda ta mutu.

Mai dubawa ya durƙusa, ya girgiza bambar, ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai. Ranar Asabar Lindsay ya kai 'yarsa coci, bamba a miƙe sambal.

An ɗauki hotuna a gaban motar. A dukkansu rigar amarya ta rufe bambar.