Kadangare Ya Koma Sama

Kadangare ake ce masa tun yana saurayi, don ba ya jiran a kafa tsani kafin ya hau gini. Mai aikin rufi ne. Kusan duk rayuwarsa a saman gidajen mutane ya yi ta, ƙusoshi a baki, guduma a ƙugu, zafin kwano yana ratso takalmi yana gasa masa ƙafa. In ka tambaye shi kwatancen wani gida ba zai ce maka layi kaza ba, sai dai ya ce, "Ai shi ne mai jan kwanon nan da indararonsa ya karkace." Matarsa kan ce ta fi sanin tafin ƙafarsa a kan fuskarsa, don kullum daga ƙasa take hango shi.

Gwiwa ce ta sauko da shi. Bai taɓa faɗowa ba, kuma yana son a san haka. Likita ne ya duba hoton ƙashin, ya ce hawa ya ƙare. Daga nan Kadangare ya zama mutumin falo. Ya kunna rediyo, ya kashe, ya leƙa tagar kicin ya yi wa rufin maƙwabta tsegumi, ya dawo ya nemi matarsa da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Autarsu, wadda ke aiki a wani ofishin zane-zane, ita ta ga abin ya isa. Wata Asabar ta shigo da tsohuwar kwamfutarta, da allo, da wata sanda mai maɓallai, ta jera su a kan teburin da ke ƙaramin ɗaki.

"Baba, jirgin sama za ka tuƙa."

"Ni da furfurata? Kai wa jikokina wannan wasan."

Ta kunna kwamfutar. Ta zauna ta tayar da ƙaramin jirgi daga filin jirgin garinsu, ta karkata shi hagu. Sai ga gari ya shimfiɗu a allo: kogi, gadoji, layin dogo, da rufi bayan rufi har iyakar gani. Ta ce masa daga hotunan da aka ɗauka ta sama aka gina shi. Kadangare ya matso, ya sake matsowa, har ya ture ta daga kujerar bai sani ba.

Ba a yi mako ba ya gano matsalar. Kwamfutar ta tsufa. In aka rage mata nauyi, jirgi na tafiya sumul, amma gidaje sai su koma kamar kwalayen sabulu. In aka ƙara, komai ya fito, har tankunan ruwa da bututun hayaƙi, amma hoton sai ya riƙa ɗingishi, ya tsaya, ya zabura, fankar cikinta na kuka kamar za ta tashi da teburin.

"Ɗaya za ka zaɓa, Baba," in ji Auta. "Ko gari ya yi kyau, ko jirgi ya yi gudu."

"Ina za ni da nake neman gudu?"

Haka ya shiga ciniki da na'ura. Ya sa Auta ta nuna masa inda ake ragewa da ƙarawa, ya zauna da tabarau a kan hanci yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe gajimare, ya ce ya sha ganinsa kyauta. Ya kwashe motoci daga tituna. Ya cire inuwar bishiyoyi da ƙyallin ruwan kogi. Duk ƙarfin da ya samu sai ya zuba shi a kan gine-gine. Ya kwance murfin kwamfutar, ya share ƙurar ciki da burushin fenti, sannan ya jawo babbar fankar falo ya kafa mata.

Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana fifita da kwali.

"Ni da na haifa maka 'ya'ya ina nan ina tsiyayar gumi, akwatin ƙarfe na shan iska."

"Zo ki ga gidan yayarki. Na faɗa musu kwanon nan ba zai yi ƙarko ba, dubi tsatsa."

Ta ce ba ta zuwa. Ta zo, ta kuma daɗe.

Abu guda ne ya rage masa a rai, wato Dogo. Dogo mai walda ne. Shi ke haɗa ƙarafan da Kadangare ke shimfiɗa kwano a kai, kuma tun suna samari ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sai dai ba wanda ke karɓar babban aiki ba tare da ɗayan ba. Bara ciwo ya shanye wa Dogo ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi. Tun daga lokacin ya daina fita, ya daina karɓar baƙi. Ko Kadangare ya je, sai ya juya fuska bango.

Rannan Kadangare ya dogara sandarsa ya tafi. Matar Dogo ta yi masa iso tana girgiza kai. Ya zauna a bakin gado, ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Na zo in faɗa maka ne kafin ka ji a bakin wani. Rufin babbar tashar nan da ka yi wa walda ya lotsa a tsakiya. Da idona na gani, daga sama."

Dogo ya juyo a hankali. Bakinsa ya motsa, maganar ta ƙi fita, amma idanunsa sun faɗi komai.

Washegari da hantsi tasi ta sauke Dogo da matarsa a ƙofar gidan Kadangare. Matan biyu suka taimaka aka zaunar da Dogo gaban allo. Kadangare ya ɗaga komai zuwa ƙarshe, har gajimaren da ya kora ya dawo da shi, don ba ya so abokinsa ya ga gari a tsiraice. Auta ta sha gargaɗinsa kada ya yi haka, musamman in zai shiga tsakiyar gari inda gine-gine suka cunkushe.

Suka tashi lafiya. Suka bi layin dogo. Da suka doshi tsakiyar gari hoton ya fara tsalle-tsalle, fanka ta ɗauki ihu. Ga tashar ta ɓullo, doguwa, da rufinta mai lanƙwasa. Suna kaiwa daidai kanta komai ya tsaya cak.

Kadangare ya jijjiga sandar tuƙin, ya danna wannan, ya danna wancan. Kunya ta kama shi. Ya taso da mara lafiya daga gadonsa, ga abin da ya samu. Ya miƙa hannu zai kashe.

"Bari," in ji Dogo.

Kalmar ta fito tas. Matar Dogo, da ke bayan kujera, ta dafe ƙirji.

Dogo ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ɗora yatsa a allo, ya bi ƙashin bayan rufin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A miƙe yake kamar an ja zare.

"Ina... lotsawar?"

"To, wataƙila tabarauna ne."

"Kwanonka... ne... ya karkace."

"Kwanona? A kan ƙarfen wa na ɗora shi?"

Suka kaure. Dogo na jan kalmomi da ƙyar, Kadangare kuwa bai taya shi ko ɗaya ba, jira yake ya gama ya mayar masa. Suka tuno ranar da iska ta fizge fallen kwano guda daga hannunsu ta kai shi bayan shagunan tasha, da yadda kowa ya rantse ɗayan ne ya saki. Suna cikin haka kwamfutar ta gaji da zafi, ta kashe kanta. Ba su lura ba sai da ɗan ƙauri ya tashi.

Mai gyara ya canza mata fanka, ya ce ta tsallake rijiya da baya, amma kada a ƙara. Kadangare ya sake korar gajimare.

Yanzu Dogo na zuwa duk bayan 'yan kwanaki. Shi ke riƙe sandar tuƙi da hannunsa ɗaya, Kadangare na gefe yana ba da umarnin da ba a nema ba. Abin da ke ci wa Kadangare rai shi ne bai taɓa iya saukar da jirgi ba, don idonsa na kan gidaje har sai ya dasa hanci a gonar wani. Dogo kuwa, da hannun mai walda da ba ya rawa, ya kawo jirgi ya ajiye a kan titin sauka, tayoyi suka taɓa ƙasa a hankali.

Kadangare ya leƙa falo inda matan ke hira.

"Ku zo ku ga ɗalibina! Ni na koya masa."

"Ƙarya," in ji Dogo daga ciki, da ƙarfin da har maƙwabta sai da suka ji.