Naɗin Goggo Timoh

Useng mutum ne mai ƙyanƙyami. Ba ya zama a shagon abincin da ya ga ƙuda a kan tebur, ba ya shan shayi a kofin da ba a ɗauraye a gabansa ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan babbar mota tsakanin garuruwan Pattani da Songkhla, kuma duk direbobin hanyar Likita suke ce masa saboda wannan hali. Tsabta dai ba laifi ba ce. Abin haushin da ke tare da Useng daban ne, za a zo kansa.

A hannun goggonsa Timoh ya tashi, a wani ƙauyen bakin teku kusa da Nong Chik. Kafin ta mallaki tafkin kiwon jatan lande, alawar shinkafa da kwakwa take sayarwa a naɗe cikin ganyen ayaba. Naɗinta ya fita daban da na kowa a kasuwa: ninki uku, a lanƙwasa kunne ɗaya ciki, a soke da tsinke a karkace. Ko a ruwa ya faɗa ba abin da zai shiga. 'Ya'yanta mata biyu sun yi sun yi, sun kasa koya. Useng ne ya iya, ita kuwa har ya yi furfura ba ta daina kuri da shi a kan haka ba.

Yana tsakiyar ƙarfinsa kamfani ya sa wa kowace mota wani ɗan akwati a ƙasan sitiyari, mai gaya wa ofis inda take. Direbobi suka tsani abin nan. Ka tsaya cin shinkafa, a kira ka. Ka ratse gaida surukarka, a kira ka. Useng ne ya samo maganinsa. Ya yago takardar alminiyom ɗin da ake gasa kifi da ita, ya yi wa akwatin naɗin goggonsa, ya soke da tsinke. Akwati ya kurumce. Kafin shekara ta zagayo ya koya wa rabin direbobin hanyar, yana yi yana dariya, ana saya masa shayi. Motar dizal ba ruwanta, ko an gan ta ko ba a gan ta ba tafiyarta take yi.

Da ciwon baya ya sauke shi daga mota, sai aka ba shi kujera a ofis, daidai lokacin da kamfani ya kawo motocin lantarki goma sha takwas da masu amfani da iskar haidirojin guda biyu. A nan ya gane akwatin yanzu ya wuce ɗan gulma. Shi ke faɗin sauran cajin batir da zafinsa, da sanyin da ke cikin firjin kaya, shi ke kama wa mota layi a tashar caji tun kafin ta isa. Duk wannan yana hawa intanet ya taru a wurin da 'yan ofis ke kira gajimare, daga can ya sauko allon da ke gaban Useng. Nan da nan ya zama mai wa'azin abin, har ya gundure mutane. Amma maganar takardar gasa kifi, bai taɓa ɗaga ta ba. Bai gaya wa ofis ba, bai tara direbobi ya ce su bari ba, don duk wanda ya buɗe zancen, sunansa ne zai fara fitowa.

Shi ne kuma ya je har gida ya raba Goggo Timoh da mai motar ƙanƙarar da ke kai mata kaya masana'anta.

"Goggo, ki rabu da akwalar nan. Kafin ya isa Songkhla rabin kayanki sun yi laushi."

"In koma wa taka, mai tafiya ba ƙara kamar ɓarawo? In batirinta ya mutu a daji fa?"

"Ai ina zaune ina kallonta, Goggo. Ko atishawa ta yi sai na ji. Ba ma sai kin sayi ƙanƙara ba."

Ta dube shi ta ce, "To, don kai ne."

Tafki ɗaya gare ta. Wata huɗu ta yi tana ciyar da abin da ke cikinsa, tana auna ruwa, tana korar tsuntsaye. Ranar wata Asabar tun hantsi bai ɗaga ba aka kwashe shi tas aka loda a mota.

Direban motar shi ne Yakoh, ƙanen matar Useng. Yakoh yana da 'ya'ya huɗu da kurciya ɗaya, kuma kowa ya san wadda ta fi cin abinci mai kyau. Minista yake kiranta. Ranar kuwa akwai gasar kukan kurciyoyi a garin Chana, inda ake ɗaga keji a kan dogayen sanduna alƙalai su bi suna saurare. Chana a kan hanya take.

Tsarin da ke kan allo mai sauƙi ne: caji a Thepha ƙarfe takwas, masana'anta ƙarfe goma. Takwas saura kwata ɗigon da ke nuna motar Yakoh a allon ya ɓace. Ba irin ɓacewar rashin sabis ba, mai zuwa tana dawowa. Ɗif, lokaci ɗaya. Useng ya san wannan shirun kamar yadda ya san muryar matarsa. Takwas da rabi tashar Thepha ta nuna motar ba ta zo ba, an ba wata layinta. Cajin ƙarshe da allo ya gani bai fi kashi ɗaya cikin uku ba.

Manajar ofis ta zo ta tsaya a bayan Useng.

"Malam Useng, me zai sa mota ta ɓace haka?"

"Ƙila sabis ne, ranki ya daɗe. Wajen nan haka yake yi."

Kalma ɗaya ce ta rage masa, Chana. Da ya faɗe ta, da cikin awa guda an tura mutane an bi filin gasar an kamo Yakoh da kunne. Amma sai a tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya kira wayar Yakoh, a kashe. Ya ce wa ransa ai ana tashi daga gasar da azahar, cajin zai kai. Ya ɗauraye kofinsa, ya zuba shayi, ya zauna yana kallon wurin da ɗigon ya kamata ya kasance.

Azahar ta yi, ta wuce. Da ya hau babur ya isa Chana, sanduna kawai ya tarar a tsaye. Ya zaga ƙauyuka har rana ta faɗi bai ga ko sawun taya ba.

Ashe Yakoh can cikin wata gonar roba ya cusa motar don kada wani direba ya hango ta. Firji ya yi ta zuƙar batir a cikin zafi ba mai gani, har motar ta kashe shi da kanta. Da Yakoh ya dawo daga gasar ya tarar komai a mace, sai ya rungumi kejinsa ya gudu gidan abokinsa ya ɓuya. Minista kuwa ko kuka ɗaya ba ta yi ba a gasar.

Lahadi da la'asar masu tatsar roba suka gano motar, kuma hanci ne ya kai su. Aka kira Useng ya zo. Tun kafin a buɗe ƙofa wani ruwa mai yauƙi yake ɗiga ta ƙasanta, koren ƙuda ya yi baƙi a wurin. Da aka buɗe, mutane suka watse. Kawunan jatan landen sun yi baƙi, jikinsu ya narke ya haɗe da juna, kwanduna suna kumfa. Warin ya wuce hanci, a maƙogwaro yake zama. Likita ya durƙusa a gindin bishiya ya amayar da duk abin da ke cikinsa.

Aka kawo Yakoh, yana sunkuyar da kai.

"Kai yanzu mutum ne?" in ji Useng yana goge baki. "Saboda tsuntsuwa? Tir da halinka!"

"Yaya, wallahi da ta dizal ce ko kwana ta yi..."

"Rufe mini baki!"

"Ai dama kai ne ka..."

"Na ce ka rufe mini baki!"

Useng ya yi sauri ya haye gaban motar, ya laluba ƙasan sitiyari ya zare takardar gasa kifin da aka naɗe akwatin da ita. Yana saukowa da ita a dunƙule a hannu sai ga Goggo Timoh, maƙwabcinta ya kawo ta a bayan a-kori-kura. Ba ta toshe hanci ba. Ta je har bakin ƙofar ta tsaya tana kallon wata huɗunta, ta daɗe. Sannan ta juyo.

"Mene ne a hannunka?"

"Ba komai, Goggo. Shara ce."

"Miƙo."

Ya miƙa. Takardar ba ta gama warwarewa ba, tsinken ma yana jiki. Ta juya ta, ta bi layin ninkin da farce.

"Uku," ta ce. "Kunne ɗaya a ciki. Yakoh, wa ya koya maka?"

Yakoh ya ƙura wa ƙasa ido.

"Bar shi, ba sai ka faɗa ba. Mutum ɗaya na koya wa." Ta dubi Useng. "Ka ce ko atishawa ta yi sai ka ji. Jiya da safe da ta yi shiru, ka ji?"

"Na ji, Goggo."

"Ka san inda take?"

"Na yi zato."

Ba ta zage shi ba. Ta ninke takardar ta cusa masa a aljihun riga, ta danna da tafin hannu. Sai ta dubi tafin nata, ta juya wajen matan masu tatsar roba ta ce, "'Yan nan, a taimaka mini da ruwa da sabulu."

Useng yana tsaye yana kallo ta wanke hannun har sau uku.