Ɗankwalin Ankon Bikin Yayana

Shekara biyu da 'yan watanni muka yi da ƙawata a gida ɗaya a unguwar Sri Petaling ta Kuala Lumpur, hawa na tara, ɗakuna biyu da falo da wani ɗan kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ta yi gefe. Ni 'yar Kano ce, ita 'yar Kaduna. Kwalejinmu ɗaya, ni ina karanta kasuwanci ita kwamfuta, kuma kowaccenmu ta haura ashirin da biyu, balle a ce ƙuruciya ce ta ja mu. Tsawonmu ɗaya, jikinmu kusan ɗaya, hasken fatarmu ɗaya, har masu gadin gidan ba sa iya bambance mu. Da haka kayan sawarmu suka zama na tarayya. In na buɗe durowa ban ga riga ba, ba na wahalar nema, na san tana wajenta. Ni dai ban cika ɗaukar nata ba, don ɗinkunanta duk matsattsu ne, ni kuwa ina son in ci abinci in kuma yi numfashi.

A shekararmu ta uku naira ta faɗi warwas. Abin da ake turo mana daga gida, wanda a da yake kai mu ƙarshen wata har mu leƙa Bukit Bintang mu ci shawarmar Larabawa, ya koma ba ya wuce mako biyu. Abbana ya ci gaba da ƙoƙari, yakan kira ya ce in yi haƙuri in rage yawo, saura kaɗan in gama. Nata mahaifin ya yi ritaya, kuɗin makaranta kawai yake iya haɗawa, shi ma da kyar. Na sha ganin ta tana cin taliyar leda safe da yamma tana ce mini wai rage ƙiba take yi, ita da ba ta da abin ragewa.

Sai kuma abubuwa suka sauya. Ta sayo wata fitila mai da'ira irin ta masu kwalliya, ta sayo labule mai kauri a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, ta fara kulle ɗakinta daga azahar zuwa bayan la'asar a ranakun da ba ta da aji. Firjinmu ya cika. Na tambaye ta ko saurayi ta yi ban sani ba, ta yi dariya ta ce in zo mu sauka mamak ta saya mini shayi. Mamak ɗin nan shagon abincin Indiyawa Musulmi ne a ƙasan gidanmu, nan muke zama in muna da magana.

Sai da ta sa na rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa ba kafin ta buɗe baki. Na rantse, don a zatona mijin wata ne. Ta ce wani shafi ne na intanet inda maza suke biyan kuɗi su kalli mace ta kyamara, ta yi musu hira, ta rage kayan jikinta, iyakar abin da ta yarda ta nuna. Ta ce ba ta buɗe fuska. Ta ce shafin yana ba mutum damar toshe ƙasashen da ba ya so a gan shi, ita kuma ta toshe Najeriya da Malesiya, saboda haka babu wanda ya san ta da zai taɓa cin karo da ita. Da rana take yi domin lokacin ne masu kuɗin suke zaune a can ƙasashensu.

"Ba wanda yake taɓa ni, ƙawata," ta ce. "Zango biyu kawai, in gama in rufe. Kar ki kalle ni haka."

Na wanke ta tas a ranar. Na kira mata Allah, na kira mata iyayenta, na ce in ta mutu a gaban fitilar nan me za ta ce. Ta yi kuka, ni ma na yi. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya a rubuce ba: da yamma ta yi mana tapau, wato ƙunshin abinci, shinkafa da kaza, na kuma ci har na suɗe hannu. Daga nan in azahar ta yi na ga ta fara jan labule, sai in ɗauki littafina in tafi ɗakin karatu na kwaleji. Ina ganin wannan shi ne riƙon amana, in bar mata gidan in kuma riƙe bakina.

A cikin watannin nan aka yi bikin yayana a Kano. Jarrabawa ta hana ni zuwa, sai Umma ta ɗinka mini ankon bikin ta ba wani mai zuwa ya kawo mini, wai kar a bar ni a baya. Atamfa ce ruwan goro da zanen koren ganye manya-manya, kuma telan gidanmu ya bi bakin kowane ɗankwali da wani siririn zare mai ruwan zinare, yadda duk matan danginmu suka fita iri ɗaya. Na sa shi ranar walimar Sallah ta ɗaliban Najeriya. Na yi ɗauri na gani na faɗa, na yi ta shiga hoto kamar ni ce amaryar. A duk Kuala Lumpur babu mai irin atamfar nan sai ni, na kuma tabbatar kowa ya san haka, don duk wanda ya yaba sai na ba shi labarin bikin.

Wata uku bayan haka Anti ta kira ni ta ce in zo gidanta yanzu, in taho da abokiyar zamana. Anti matar wani ne da yake digiri na uku, ita ce kamar uwarmu mu 'yan mata a can, gidanta muke cin tuwo ranar Asabar, kuma a hannun mijinta Abba ya damƙa ni lokacin da ya kawo ni. Muna shiga ta kori yaranta ɗaki, ta miƙo mini wayarta ba tare da ta amsa gaisuwata ba.

Bidiyo ne gajere. Mace ce zaune a bakin gado, bayanta labule, jikinta babu abin kirki, ta naɗe kanta da fuskarta da ɗankwali sai idanu, su ma ta rufe su da baƙin tabarau. Ɗankwalin ruwan goro ne da koren ganye, zaren zinaren yana sheƙi a hasken fitila. A ƙarƙashinsa wani ya manna hotona na ranar Sallah, ina murmushi da haƙora talatin da biyu. Daga baya na ji cewa wani ɗalibi Bahaushe ne a wata ƙasar da ba ta toshe ba ya ga atamfa ya gane ta gida ce, ya naɗa ya tura wa abokai. Ita ta toshe ƙasa biyu, ta manta 'ya'yan Hausawa babu inda ba sa karatu.

"Anti, wallahi ba ni ba ce," na ce.

"Kayan waye?"

"Nawa ne."

Anti ta juya wajen ƙawata. "Ke da kuke gida ɗaya, ba ki taɓa ganin komai ba?"

Ban ko kalle ta ba, don na tabbata za ta yi magana. Na ma fara tausaya mata, ina tunanin yadda zan roƙi Anti ta rufa mata asiri. Sai na ji muryarta a sanyaye, irin ta mutuniyar kirki wadda ba ta son shiga maganar wani.

"Ni dai Anti, in na dawo daga aji ɗakina nake shiga in yi karatu. Ban san abin da take yi ba in ta rufe ƙofa."

Ban taɓa jin abu ya dake ni kamar wannan ba. Bakina a buɗe, maganar tana nan a kan harshena, amma na tuna na rantse da Allah, kuma wani wawan ɓangare na zuciyata yana ce mini tsoro ne kawai, bari mu je gida za ta gyara. Na yi ta maimaita ba ni ba ce, Anti tana tambaya to wace ce, ina ƙin kama suna. Ko ni ce a kujerarta da abin da zan ɗauka ke nan.

Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari muka koma. Muna shiga gida na rufe ƙofa na tsaya a jikinta.

"Me ya sa ankona? Duk ɗankwalayenki ba su ishe ki ba?"

Ta zauna a hannun kujera tana murza yatsu. "Nawa ai an san ni da su."

"Nawa fa?"

Ta kau da kai. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun ranar farko. Ba ta taɓa zama gaban kyamarar nan da ko zare ɗaya nata ba. Duk rigunan da nake rasawa in ce suna wajen 'yar uwata, duk gyalen da take dawo mini da su a wanke a goge ina yabon tsabtarta, ashe aikin da suke yi ke nan. Da ma ta yi lissafin ranar da abin zai fito, ta kuma zaɓi wadda zai faɗa wa, tana zuba mini shinkafa a faranti.

"Ke Abbanki yana da sanyi, zai yafe miki," ta ce. "Ni nawa hawan jini gare shi. In ya ji, mutuwa zai yi."

Na ce mata ashe har iyayenmu ta auna. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su ba. Ta yi ta kuka tana cewa in ba ta kwana biyu ta samu yadda za ta faɗa. Ni kuma, don dai a san irin wautata, na ba ta.

A kwana biyun nan bidiyon ya isa Kano. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, domin duk wata gwaggo da inna da 'yar baffa tana da irin ɗankwalin a akwatinta, kuma sun san mutum ɗaya ce tak aka aika wa da shi ƙasar waje. A rana ta uku Abba ya kira. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko ni ce, na ce a'a. Ya tambaye ni wace ce, na karya rantsuwata na faɗa masa komai, na yi azumin kaffara daga baya. Sai ya ce, "Kin san tana yi, kika zauna a gidan?" Na ce e. Ya ce zai turo tikiti.

"Abba, zango ɗaya ya rage mini."

"Na sani. Ki haɗa kayanki."

Na koma wajen Anti na faɗa mata gaskiya, ta ce sai yanzu da ruwa ya ƙare mini na tuna da sunan wata. Duk da haka ta biyo ni gida ta duba. Ɗakin ƙawata fes, babu fitila, babu labule mai kauri, sai littattafai a jere da sallaya a shimfiɗe. Kwana biyun da ta roƙa, na gyaran ɗaki ne. Ranar da zan tafi ba ta gidan. Ta gama karatunta a kan lokaci, na ga hotonta da hular kammalawa, Anti tana rungume da ita.

Duk tsawon kwanakin nan abin da ya riƙe ni shi ne Umma. Kullum in mun yi waya sai ta ce, "Ni na san 'yar da na haifa. Ko duniya ce ta taru, na san ba ke ba ce." Da wannan maganar na hau jirgi, da ita na sauka.

Na iso gida da la'asar. Ta sa an dafa mini dambu, ta zaunar da ni a ɗakinta, ta kori kowa. Ina cikin ci ta kamo hannuna na hagu ta ɗora a cinyarta. Na ɗauka lallashi ne. Sai na ga ta baje yatsuna tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ta juya bayan hannun, ta dubi farce, ta dubi wuyan hannu, ta sake juyawa. Ta ɗan jima a haka. Sannan ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, idanunta suka kawo ruwa.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Naki yatsun sun fi nata tsawo."

Ban san sau nawa uwata ta zauna ita kaɗai ta kalli abin nan ba kafin ta haddace yatsun da ke ciki. Ta saki hannun ta ce in ci abincina kar ya huce. Na ce to, na ci gaba da ci.