Gonar Audu da Masu Hawa Kufai

Audu ɗan Habu manomi ne a wani ƙauye da ke gindin dutse, can wajen Allakaye. Yana saurayi ya je cin rani Abijan, ya yi dako a kasuwa, ya dawo ya ce shi da birni har abada, hayaniya ba ta karɓe shi ba. Tun daga nan gero da wake ya sa gaba. A bar shi da hauyarsa da ɗan rediyonsa, shi ke nan bukatarsa.

A saman dutsen nan akwai kufai, garin da kakanninsu suka zauna zamanin yaƙe-yaƙe. Ganuwar duwatsu ta rushe, sai gindin ɗakuna da na rumbuna. Ba mai hawa sai makiyaya. Ana nan wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya hau, ya ɗauki hotuna ya watsa a waya, ya rubuta cewa ba sai mutum ya je ƙasar Peru ba kafin ya ga garin mutanen da a kan dutse. Audu bai san inda Peru take ba, amma daga wannan damina ya tsane ta.

Sai ga 'yan makaranta daga Tawa da Madawa, duk Asabar. Mota ta sauke su Allakaye, sauran hanya su tako da ƙafa don kada su hau kabu-kabu. Kowa da jaka a baya kamar an ɗora wa jaki mangala, ga bidon ɗin ruwa, ga gari da sukari. Hanyar da ta fi kusa kuwa ta tsakiyar gonar Audu ta ratsa.

Ya sa ƙaya, suka janye. Ya kai ƙara wurin maigari.

"Baƙi ne, Audu, ka yi haƙuri," in ji maigari.

"Baƙin nan gonata kaɗai suka sani? Taka tana ina?"

A gida ma bai huta ba. Matarsa Husaina ta ce ɗiyan mutane ne, ta riƙa dama musu fura. Suna shan fura suna jona wayoyinsu a batirinsa, har lokacin labarai ya yi rediyo ya ƙi magana.

Wata Asabar da hantsi ya tarar da ayari a cikin wakensa da ya fara fure. Wata yarinya mai suna Samira ta zauna kan kunya tana gyaran takalmi.

"Ke ɗiyata, abin da kika zauna bisa, shi za mu ci bana!"

Ta miƙe a firgice. Babbansu, wani dogo da ake kira Ridwan, ya cire hula ya ce, "Baba, yi muna gafara. Akwai wata hanya?"

"Akwai mana! Ta bayan kwari."

"To nuna muna bakinta kawai."

Ya kai su bakin kwari ya nuna da hauya. Bai juya ba ya ga sun nufi hanyar awaki da ke ƙarewa a rami. Ya yi tsaki ya shige gaba. Daga "nan zan tsaya" sai "bari in kai ku wancan dutsen". A tsakiyar hawa Samira ta kasa, ya karɓi jakarta yana faɗa.

"Mi kika sa ciki? Turmi?"

Haka ya yi ta mita har suka kai sama, yana haki. Yaran suka watsu cikin kufai suna ɗaukar hoto. Ridwan ya dafa wani bango ya ce, "Baba, wanga ɗakin sarki ne?"

"Ina na sani? Ni ma yau na fara zuwa."

Ya samu dutse ya zauna. Daga nan ana ganin ƙauyen duka, da rijiya, da masallaci. Kakarsa ta sha faɗa masa a nan aka haife ta. Sai idonsa ya faɗa kan gonarsa. Ga hanya fara fat ta raba ta biyu kamar tsagar kitso, ga kuma wani sabon ayari yana shiga a daidai lokacin. Ya miƙe ya yi ta ƙwala kira yana kaɗa hannu. Na ƙasa suka ɗaga kai, suka ga tsoho a kan dutse, suka ɗaga masa hannu su ma cikin murna.

Ya sauko da gwiwa a kumbure, ya yi kwanaki yana sallah a zaune. Husaina tana gasa masa tana danne dariya.

Da damina ta zagayo ya bar ɗan siririn wuri a gefen gona bai shuka ba, daidai tafiyar mutum ɗaya. Yawancin masu hawa kufai nan suke bi yanzu. Wasu kuwa sai sun ratsa, wai cikin gero hoto ya fi kyau. In ka je ƙauyen ranar Asabar, tun daga nesa za ka ji muryar Audu.