Sarkin Ruwa Badaru da Kifin da Ya Mutu a Rafinmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran kawuna Badaru, Sarkin Ruwan ƙauyenmu a ƙasar Danchadi. Saura kwana biyu a zauna gaban hakimi kan maganar rafi.

Kawu, shekara talatin ba mai jefa komar kamun kifi a rafin nan sai da izininka. Ranar su, in an kama kifi, kason marayu kake fara warewa, sau da yawa ka koma gida hannu rabbana, matarka Inna Juwairiyya tana mita kana dariya.

Bana kifi ya taso ciki sama, shanu uku suka faɗi a mashaya. Nan take ka hana kamun kifi, ka hana ɗiban ruwa. Makiyaya suka ce manoman albasa ne za su ɗauki nauyin yashe rafin. Manoma suka ce atafau, sai dai a raba wa kowa. Har an fara zuwa fadama da adda a kafaɗa. Hakimi ya ce Sarkin Ruwa ya zo ya faɗi abin da ya sani.

Ka sani kuwa. Wata rana da hantsi ka iske ni ina wanke injin feshi a bakin ruwa, na juye ragowar maganin ƙwari don ƙyuyar komawa da shi gida. Da kifi ya mutu ka kira ni gefe ka ce, "Ashiru, wanga aiki naka na. Ba ni son tona ka, ba ni kuma yin ƙarya gaban hakimi. Ka hwaɗi da bakinka." Wallahi na ji haushinka. Na daina gaishe ka, har ka kwanta ciwo ban leƙo ba.

Da aka yi shelar rasuwarka, kafin hawaye, sanyi na fara ji a raina, wai mai shaida ya tafi. Wannan kunyar ta hana ni sakat. An ɗage zaman zuwa bayan sadakar bakwai, amma ba zan jira ba. Jama'a, ni ne. Kada a ɗora wa kowa. Albasata ta bana ta tafi a aikin rafin, in ba ta isa ba a haɗa da gonar.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Inna Juwairiyya da 'ya'yan Kawu, Maniru da Na'ima, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku yafe mini a madadinsa, don ni ban je na roƙe shi ba.