Damin Iri

Shekarar da aka yanka gonarmu ta Tarauni aka kafa duwatsun fuloti, abin da Malam maigidana ya tsira da shi dami ɗaya ne na gero, irin da ya gada daga mahaifinsa. Ya rataye shi a ɗakin da muka kama haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Ko ranar da tukunya ba ta hau murhu ba, bai yarda an taɓa zangarniya ɗaya ba. Da bazara ta kawo kai, muka shirya zuwa ƙauyenmu can gabas, ko yayana zai ara mana inda za mu shuka shi.

A bayan motar katako muka tafi, Malam rungume da buhun damin. Tun da muka wuce Wudil jikina ya yi sanyi. Fari ya gama da ƙasar. Rumbuna a buɗe, an jingine murafensu a ƙasa. Karan bara bai wuce gwiwa ba. Na ga mata suna tona gidan tururuwa, suna sheƙe ɗan hatsin da suka samu. Duk inda muka tsaya, mutane ne da tabarmi a naɗe suna jiran motar Kano.

Yaron mota ya ce, "Baba, kowa na gudu birni, ku kuna komawa daji?"

Malam bai kula shi ba. Ƙasa kawai yake kallo, yana cewa, "Wannan jigawar za ta yi gero in Allah ya ba da ruwa."

Da muka sauka, matar yayana ta karɓi kayanmu ta shige da su, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Maza suka tafi duba gona, ni na shiga gida-gida gaisuwar waɗanda suka rasu. Ina jiyo ƙarar turmi daga gidanmu, har ina murna ashe suna da sauran hatsi.

Da la'asar aka kawo tuwo. Malam ya kai loma biyu sai yayana ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tsaraba. Rabon yaran nan da gero tun kaka."

Hannun Malam ya tsaya a cikin akushi. To, wa zai shiga gidan yunwa da dami a ce ba tsaraba ba ce? Ya dubi yaran suna suɗe yatsu, ya ce, "Ba komai, Yaya." Ya ci gaba da ci don kada su gane.

Wallahi ban taɓa jin haushin matar nan ba. Masu duwatsun fuloti ne ban yafe wa ba, har gobe. Da safe yayana ya nuna gonar ya ce ta Malam ce, sai dai iri ne babu a garin. Muka naɗe buhun, muka bi sahun masu jiran motar Kano.